Tattalin Aljihu: Ba a fafe gora ranar tafiya



Da zarar damina ta fara ja da baya, cikin watan Satumba, sai hanyoyin daji su buɗe. Makiyaya su nufi Ingal, wajen kilomita 160 yamma da Agadas, domin dabbobi su sha ruwan gishiri, shi ne taron nan da ake kira Cure Salée, mutanen birni kuma su bi bayansu, wasu kallo, wasu ciniki. Daga Oktoba ayarin raƙuma ya fara tashi zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino. In sanyi ya shigo, ƴan makaranta da ma'aikata masu hutu su yi marmarin ganin lambunan Timiya, ko hawan tsaunin Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2022. Mutanen Maraɗi kuwa ga gandun dajin Gadabeji nan kusa da su, wajen Dakoro, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a shekarar 2018. Ban da waɗannan, tun shekarar 2014 da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakatan, dubban samari daga Tawa da Maraɗi da Damagaram suka riƙa haurawa arewa, suna kwana a fili wata da watanni.

Da mai yawon buɗe ido da mai neman abin kaiwa bakin salati, abu guda ya haɗa su: za su taka ƙasa da ƙafa, za su kwana inda babu ɗaki, kuma kowannensu sai ya shiga kasuwa kafin ya tashi. A nan ne kuɗi ke zurarewa. Wani ya ga hotunan Turawa masu hawan duwatsu, sai ya ɗauka in bai mallaki irin kayansu ba tafiya ba ta yiwuwa, ya zuba albashin wata biyu kan abin da zai yi amfani da shi kwana biyar. Wani kuma ya ce shi gwanin tattali ne, ya rage kuɗin ruwa da na takalmi domin ya sayi rediyo. Na farko kuɗinsa ya yi hasara. Na biyu yana iya hasarar abin da kuɗi ba su mayarwa. Maganarmu ta yau ita ce yadda mutum zai bambanta inda ake matse hannu da inda ake sake shi.

Me ya sa kayan waje suke da tsada haka?

Lissafin a bayyane yake. Tun 1999 Euro guda yana daidai da sefa 655 da ƴan ɗigo. Tantin da aka rubuta wa Euro 100 a kantin Faransa ya tashi jika 65 da ɗoriya ke nan, tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan da ribar ɗan kasuwa ba. Manya ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗinsa. Bayan rufe iyakar Benin a 2023 kuma, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowace rana da kamyo ya ƙara bisa hanya mai saye ne ya biya ta.

Ban da tsada, akwai abin da ba a cika faɗa ba: ba domin ƙasarmu aka ƙera kayan nan ba. Kamfanin Decathlon na Faransa, wanda kayansa masu suna Quechua suke yawan faɗowa cikin gwanjonmu, a gindin tsaunin Mont Blanc yake zana su. Tantin nan nasa da ke buɗe kansa in an jefa shi sama, wanda ya fito a 2005, an yi shi domin ciyawa mai laushi da ruwan sama na yini guda. Mu abin da ke jiran matafiyi shi ne rana mai cin leda har ta yage kamar takarda, da rairayi mai shiga haƙoran zif ya kashe shi, da karangiya da farar ƙaya. Katifar nan ta hurawa da baki, komai tsadarta, dare guda bisa karangiya ya ishe ta. Gajerun turakun ƙarfe da ke zuwa da tanti ba su kama yashi, iskar hunturu ta farko za ta tumɓuke su.

Mu dubi mutanen da suka fi kowa sanin kwanan daji a ƙasar nan. Tsakanin Agadas da Bilma wajen kilomita 600 ne, mafi yawansa Tenere, babu inuwa, rijiya kuma sai an yi kwanaki. Ƴan ayarin gishiri sun shekara ɗaruruwa suna ratsa shi, kuma ba su ɗaukar tanti. In dare ya yi sukan jera kaya da dammunan ciyawar raƙuma ta wajen da iska ke fitowa, su kwanta bayansu. Abin da ba su wasa da shi shi ne salka, da bargo, da rawani, da igiya, da dakakken gero haɗe da cuku da dabino wanda ake damawa a sha ba tare da an tsaya hura wuta ba, sai kuma madugu wanda ya san hanya. Ba muna cewa kowa ya koma zamanin fatake ba ne. Jerin kayansu ne ke koya mana abin da ke gaba da abin da ke baya, wanda kuwa ya san wannan jeri ya riga ya rage rabin kuɗin da zai kashe.

Ruwa

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance. Talauci ne ya fitar da su, ba yawon shan iska ba. Motocinsu suka lalace, ruwan da aka ɗauka domin kwanakin tafiya ya ƙare cikin kwanakin jira. Allah ya jiƙansu. Duk mai shirin shiga daji, ko da Gadabeji ce za shi, ya riƙe wannan: ana lissafin ruwa da ranar da mota za ta tsaya, a ƙara na kwana biyu aƙalla bisa abin da ake zato.

Mai tafiya a ƙasa cikin rana yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa guda. Don haka lita 5 a yini, domin sha kaɗai, ba ta yi yawa ba, lokacin bazara ma ba ta isa. Kowace lita kuma nauyinta kilo guda ne. Ma'ana, babu mai iya goya ruwan da ya wuce na kwana ɗaya ko biyu tare da sauran kaya, dole sai da jaki ko raƙumi, da wanda ya san inda rijiyoyi suke da wadda ta ƙafe bana.

Abin farin ciki, mazubin ruwa ba shi da tsada. Bidon nan rawaya na man girki, mai lita 20 ko 25, in an wanke shi da sabulu da ruwan zafi har warin mai ya fita, ya fi kowace gorar Turai amfani. A ɗinke masa buhun algarara a jiki, a riƙa jiƙa buhun, a rataye shi inda iska ke bugawa: ruwan buhun yana bushewa yana janye zafin na ciki, dabarar salka ce dai aka mayar kan roba. Direbobin Agadas haka suke yi. Bido biyu matsakaita sun fi babba guda, domin in ɗaya ya fashe ɗaya na nan. A cika shi a kifa tun a gida a ga ko marfin yana yoyo, in yana yi a yanko robar tsohon tib a sa masa. Bidon da ya taɓa ɗaukar esansi ko gazuwal ko maganin ƙwarin gona kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, roba tana shan guba, wanki ba ya fitar da ita.

Ana sayar da ƙananan na'urorin tace ruwa masu tsada. Ruwan tabkinmu mai laka yana toshe su da wuri, kuma abin sauyawa ba ya samuwa a kasuwa. Hanya mai sauƙi ita ce a bar ruwan ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a tafasa, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs da ke farmasi, a bi adadin litar da aka rubuta jikin takardar, a jira minti 30. A sa ƴan ƙunshin gishirin zawo cikin jaka. In babu, lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zawo a daji, nesa da likita, ya fi kura haɗari.

Takalmi

Bayan ruwa sai ƙafa. Wanda ƙafarsa ta tashi ta ɗuri ruwa a rana ta biyu ya zama kaya ga abokan tafiya. A cikin rairayi, takalman fata masu faɗi irin na Agadas sun wadatar, domin faɗinsu ke hana nutsewa. Amma duwatsun Abzin masu kaifi ne, kuma inda akwai kunama da kububuwa rufaffen takalmi ya fi.

A nan gwanjo yana taimako ƙwarai. A Katako da Wadata a Yamai, a kasuwar Dole ta Damagaram, a babbar kasuwar Maraɗi, ana samun takalman hawan dutse da Turawa suka sa sau biyu suka yar. Sai dai akwai tarko guda da ya kamata kowa ya sani. Yawancin irin waɗannan takalma, tsakanin fata da tafin ƙasa akwai wani soso na roba, wanda in ya shekara da yawa a ajiye, musamman wuri mai zafi da laima, yakan ruɓe daga ciki alhali daga waje takalmin yana ƙyalli kamar sabo. Ka yi tafiyar awa uku, tafin ya ɓalle ya bar ka a kan dutse. Kafin ka biya, lanƙwasa takalmin da ƙarfi, danna sosan da farce. In ya tsage, ko yana marmashewa kamar busasshen burodi, ko yana danƙo, ajiye shi ko da dala aka ce ka bayar. In ya tsira daga wannan gwaji, kai shi wurin mai gyaran takalmi ya zagaye tafin da ɗinki, kuɗi kaɗan ne, ya ƙara masa shekaru.

A gwada takalmi da marece, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi tafiya da ita, a bar sararin yatsa guda a gaba domin gangarowa daga tsauni. Sannan a sa shi mako biyu cikin gari kafin ranar tashi. Safa mai kauri ƙafa biyu ko uku, ita ma daga gwanjo, ta fi kowane magani kare ƙafa.

Sanyi da sauro

Mutumin kudu yakan raina sanyin arewa sai ya ɗanɗana. A watannin Disamba da Janairu, dare a Abzin da Tenere yana sauka kusa da sifiri, bisa Bagzan har ruwa yakan daskare cikin kwano. Wanda zai sayi buhun barci, wato bargon nan da aka ɗinke mutum ya shige ciki, ya dubi lambobin da ke jikinsa. Yawanci uku ne. Wadda aka rubuta wa "confort" ita ce ta gaskiya, ita ke nuna sanyin da za ka iya barci cikinsa. Wadda aka rubuta wa "extrême" tana nufin ba za ka mutu ba kawai, kuma ita ce mai sayarwa yake nuna maka. Na gwanjo ya tsufa, ɗuminsa ya ragu, sai a ɗauka bai kai abin da aka rubuta ba. A wanke shi, a shanya cikin rana mai zafi kwana biyu saboda ƙwarƙwata da kuɗin cizo.

Wanda zai tafi da mota ko raƙumi ba ya bukatar buhun barci sam. Bargo biyu na gida sun yi, nauyinsu ne kaɗai aibinsu, kuma in an dawo suna da aiki a ɗaki. Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙasa ta fi iska janye ɗumin jiki. Tabarmar kaba, da kwali biyu a shimfiɗe ƙarƙashinta, sun fi ƙarin bargo na uku a bisa. Ga tufafi kuma, riguna uku marasa kauri da ake sawa bisa juna sun fi kwat guda mai nauyi, domin ana cirewa ɗaya bayan ɗaya in rana ta ɗaga. Masu gwanjo sau da yawa ba su bambanta rigar sanyi ta masu hawan dutse da sauran riguna, kuɗinsu guda, sai mai ido ya zaɓa. Rawani mai mita 4 ko 5 kuwa babu abin da ya kai shi yawan aiki: inuwa ne, abin tare ƙura ne, matacin ruwa ne, abin ɗaure rauni ne, in ta kama ma igiya ne.

Lokacin Cure Salée ƙarshen damina ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Gidan sauro mai magani ba abin saye ba ne ga yawancin gidaje, tun rabon da aka yi a faɗin ƙasa a 2005 da 2006, wanda ya haura gidan sauro miliyan 2, ake sake rabawa lokaci zuwa lokaci. Sai dai kada matafiyi ya kwance na yara ya tafi da shi. A nemi na daban, a ɗinke hujojinsa, a tura bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe. Haka yana tare sauro, yana kuma tare kunama mai neman ɗumi da dare. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa.

Akwai kuma kuɗin da ake zubarwa a banza: ɗan famfon nan da ake cewa yana tsotse dafi, da baƙin dutsen da ake mannawa a bakin sara. Masana kiwon lafiya sun gwada su, ba su fitar da dafin maciji. In abin ya faru, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a nufi likita. Kuɗin famfon gara a ƙulle su a gefen rawani domin motar da za ta kai mutum can.

Inda ake matse hannu

Tanti shi ne abin da ya fi cin kuɗi, shi ne kuma aka fi iya yi ba tare da shi ba. Daga Oktoba zuwa Mayu da wuya a ga ruwan sama, abin da ake bukata inuwa ce da rana da abin tare iska da dare. Tamfol mai mita 3 bisa 4, da igiya mita 20, da sanduna biyu, sun biya wannan bukata, gidan sauro kuma ya rataya ƙarƙashi. Tela ya ninka gefen tamfol ɗin ya ɗinke domin kada ya yage wajen ɗauri. Maƙeri ya yanko maka turaku masu tsawon kamu guda daga ragowar rodin gini. A cikin rairayi mai laushi, a cika ƙaramin buhu da yashi, a ɗaura igiya, a binne, babu iskar da za ta cire shi. Buzayen Abzin har yau da tabarmin kaba suke rufa ɗakunansu, na Azawak da fatu, duk kayan da ke samuwa inda suke.

Mata da masu tafiya da iyali suna bukatar sutura, a nan tanti yana da hujja. In za a saya na gwanjo, a kafa shi nan gaban mai kaya, a ƙirga sandunansa, a ja zif sama da ƙasa sau goma, a ɗaga ledar wajen rana a ga ko tana da huji. In cikin ledar yana danƙo ko yana saɓulewa, maganin hana ruwan ya mutu. Zif tela yana sauya shi, sandar da ta tsage ana ɗaure ta, amma ledar da rana ta cinye ba ta da gyara.

Jakar baya ma gwanjo ya isa. A duba ɗinkin maratayai da ɗamarar ƙugu, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyi, kafaɗa tana riƙewa ne kawai. Masu hawan duwatsu sukan ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka: mai kilo 60, kaya kilo 12, har da ruwa. Wannan doka ita kanta tattali ce, domin wanda ya san kilo 12 kaɗai zai ɗauka ba zai sayi tarkace ba.

Wajen girki, a sayi murhun da makamashinsa ke samuwa bisa hanya. Ƙananan gwangwanayen gas na Turai ba a sake cika su, in sun ƙare kuma ba ka samun wasu a Tanut ko Abalak. Tukunyar gas mai kilo 6 irin ta gida ta wadatar da ƙungiya mai mota, tun da matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a garuruwa. Masu tafiya a ƙasa, furnon waya na shayi da ɗan ƙullin gawayi sun ishe su, ya kuma hana su saran itacen da ya yi shekara hamsin kafin ya kai tsawon mutum. Gargaɗi guda: kada a shigar da garwashi cikin tanti ko mota a rufe domin jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, mutum ya yi barci ya wuce. Tukunya da cokali da wuƙa kuwa, na ɗakin girki su ne dai. Tocila mai cajin rana ko mai batir irin wanda ke kowane tebur ta fi mai batir na musamman, kuma kada a mai da salula fitila, cajinta na ranar bukata ne.

Aro, haɗin gwiwa da lokacin saye

Abin da za ka yi amfani da shi sau ɗaya a shekara bai kamata ya zama naka kai kaɗai ba. Tamfol, tukunyar gas, babbar tukunya, akwatin magani, bido: mutum shida in suka haɗa, kayan jika 60 sun koma jika 10 kowane. Ƙungiyoyin samari da na ma'aikata da suka saba adashe suna iya ware zubi guda domin wannan, a naɗa mutum ɗaya mai ajiya, a rubuta abin da ya fita da abin da ya dawo, wanda ya ɓata ya gyara. Salular tauraron ɗan Adam irin Thuraya, wadda direbobin Sahara ke amfani da ita inda babu layi, ba abin da mutum guda zai saya domin tafiyar mako ba ne. Abin yi shi ne a tambayi direba ko jagora tun kafin a shirya da shi ko yana da ita, kuma da kuɗi a ciki.

Mai aro kuma ya mai da kaya fiye da yadda ya karɓa. Rashin haka ne ya sa masu kaya suka daina bayarwa.

Sai lokacin saye. Bargo da rigar sanyi a watan Afrilu ake sayensu, lokacin da mai kaya yake neman wanda zai raba shi da su. A Disamba kai ne mai roƙo. A san ranar da ake kwance dila a kasuwa a je da sassafe, kafin ƴan sari su tsince na kirki. Wanda ya bari sai ana gobe tafiya, ko kuma ya ce sai ya isa Agadas ko Ingal ya saya, zai biya abin da aka ce masa, domin ɗan kasuwa yana gane mai gaggawa tun daga nesa. A rubuta jerin kaya wata biyu kafin tashi, a fara da zagaya gida: za a tarar rabin jerin yana nan cikin ɗaki. In an dawo kuma, a kakkaɓe yashi daga zif da tsohon buroshin haƙori, a shanya komai ya bushe sarai a inuwa, a ajiye inda gara da ɓera ba su kai. Tantin da aka naɗe da laima, baɗi fumfuna za a tarar.

Abin da ba a saye, da abin da ba a ragewa

Wasu abubuwan da ke tsare rai ba su cin ko dala. Kada a yi zango cikin kori don yashinsa yana da laushi. Ruwa yana iya sauka bisa duwatsu can nesa inda ba ka ga ko hadari ba, cikin dare ya iso kamar bango. Mutanen Agadas ba su manta da abin da korin Telwa ya yi wa unguwanninsu a watan Satumba na 2009 ba. A yi tafiya da sassafe da marece, a huta da tsakar rana, ruwan da za a sha ya ragu. A gaya wa na gida hanyar da za a bi da ranar dawowa.

Akwai kuma batun tsaro, wanda babu kayan da ke maganinsa. Gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, can ne mutanen Yamai suka saba zuwa kwanan daji, amma masu ɗauke da makamai sun shiga yankin. A Kure, wurin raƙuman dawa, an kashe mutum 8 a watan Agusta na 2020. A Abzin an dasa nakiyoyi bisa wasu hanyoyi lokacin tawayen 2007 zuwa 2009. Saboda haka kafin a sayi ko igiya, a fara tambayar hukuma da jandarmomi ko hanyar tana biyuwa, in an ce a bi ayarin da sojoji ke rakiya a bi, in an ce a haƙura a haƙura. Kuɗin jagora ɗan ƙasa, wanda ya san rijiya da hanya da mutanen wurin, shi ne na ƙarshe da za a nemi ragi a kai. Duk abin da aka tsimi wajen tanti da katifa da murhu, a nan ya kamata ya tafi, da wajen ƙarin bidon ruwa, da ɗan abin da za a ƙulle domin komawa gida in al'amari ya sauya.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma daji ba wurin ado ba ne. Tsohon bido cikin buhu, da tabarmar kaba, da bargon gida sun kai dubban mutane Bilma sun dawo da su. Mai niyyar Ingal ko Bagzan bana ya ɗauki takarda da alƙalami tun yau, ya fara da ruwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.